Kwamfuta Ashirin, Rumbu Ɗaya: Ta Wace Hanya Za Mu Zuba Wa Kwamfutocin Makarantarmu Manhaja?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, kafin a yanke shawara kan ɗakin kwamfuta



Ranka ya daɗe Uban Taro, mai girma Shugaban Ƙungiya da 'yan majalisarsa, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da ku 'ya'yanmu da aka zaɓo daga aji shida don ku wakilci 'yan'uwanku, ina yi maku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kafin in shiga magana, wajibi ne in gode wa kwamitin ilmi na wannan ƙungiya da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba. Ni dai abin da na sani shi ne gyaran kwamfuta, sana'ar da nake ci da ita a Kaduna shekara da shekaru. Haifaffen Gayam ne ni, kuma waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna cewa a zamaninmu na'urar da ta fi kowace daraja a makarantar nan ita ce tafiretar akawu, wadda ko leƙenta muka yi ta taga sai mun sha bulala. Yau ga shi Allah ya nuna mana ranar da ƙungiyarmu ta yi karo-karo, wasu kuma suka ba da kyauta, har muka mallaki kwamfutoci ashirin na hannu don a buɗe wa ƙannenmu ɗakin koyo.

Dalilin wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron Gayam ko Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa yakan kwashe shekara shida yana karatu, ya je cibiyar jarrabawa, ranar ce kuma rana ta farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta. Rabin lokacinsa sai ya tafi wajen rawar hannu. Wannan ce matsalar da muka taru mu magance.

To, amma kwamfuta ƙarfe ce kawai in babu manhaja a cikinta. Tambayar da kwamiti ya ba ni ita ce: wace manhaja za a zuba, kuma ta wace hanya? Na san wasu za su ce wannan ai maganar masu gyara ce, me ya kawo ta gaban taro? Ina roƙon ku yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, domin amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko ɗakin nan zai yi shekara biyar yana aiki, ko kuwa bayan zango biyu za a rufe shi ya zama gidan gizo-gizo.

Me ya sa muka karkata ga Linux

Kowace kwamfuta tana buƙatar babbar manhaja wadda sauran ke hawa a kanta. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Kwamfutocin da muka samu tsofaffi ne. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman wasu sharuɗɗa da galibin tsofaffin kwamfutoci ba su cika ba. Kuɗin lasisin kwamfuta ashirin ya fi ƙarfin asusunmu. Saura kuma hanyar da kowa ya sani ba a faɗa a taro, wato kwafin sata, wanda bai dace da makarantar da ke koya wa yara gaskiya da riƙon amana ba, kuma shi ne babbar ƙofar da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa.

Akwai wata babbar manhaja da ake kira Linux. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa da aikin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka tun 1983. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ma'ana kowa na da izinin ya kwafa, ya raba, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara. Ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin duk mai wayar Android a aljihunsa, a kan Linux take tafiya. Haka kuma ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, Linux ce a cikinsu.

Linux gidaje-gidaje ce. Akwai gidan Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993. Daga cikinsa Ubuntu ta fito a 2004, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu. Daga Ubuntu kuma Linux Mint ta fito a 2006. Akwai gidan Red Hat da 'yarsa Fedora. Ba a nan gardamar take ba. Gardamar tana wajen yadda ake ɗaure manhaja a kai ta cikin kwamfuta, kuma a kan wannan ina da labari mai ɗaci.

Abin da ya same ni a 2021

Duk wanda ke zauren nan ya tuna ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, har da ƙasarmu ta Birnin Gwari. Sai ƙarshen watan Nuwamba aka mayar. A cikin wannan tsakani wani malami a wata makaranta, wadda na taɓa zuba wa kwamfutocinta Linux, ya aiko mani da saƙo ta hannun direba cewa yana son manhajar kallon bidiyo don ya riƙa nuna wa yara darussan kimiyya.

Na zauna a shagona a Kaduna na sauko da ƙunshin manhajar guda ɗaya, na sa a filash, na kama hanya. Kun san yadda hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari take a lokacin: daga Buruku zuwa Udawa kowa a mota salati yake yi. Na isa lafiya, na soka filash, na ba da umarni. Sai kwamfuta ta ce ba za ta karɓa ba, wai wannan ƙunshi yana buƙatar waɗansu ƙunsosi da ba ta da su. Da akwai intanet, da cikin minti biyar ta jawo su da kanta. Babu. Na kwafe sunayensu a takarda na koma Kaduna. Bayan mako biyu na sake ɗaukar kasada na dawo da su, sai ta ce su ma waɗannan suna da nasu abokan tafiyar da ban kawo ba. Malamin ya dube ni, na dube shi. Sau biyu na sa raina a hanya, yara ba su kalli komai ba. Laifin nawa ne, domin na tsara aikin kamar a tsakiyar Kaduna makarantar take.

Abin da ya kayar da ni shi ake kira kayan haɗi. Manhaja kamar miya ce: ba ta haɗuwa sai da gishiri da daddawa da mai. Mai rubuta manhajar kallon bidiyo ba ya zama ya rubuta yadda ake fitar da sauti ko yadda ake zana maɓalli a allo, sai ya dogara ga abin da wasu suka riga suka rubuta. Dukkan hanyoyin da zan lissafa, bambancinsu ɗaya ne: wa zai kawo kayan haɗin, kuma ina za a ajiye su?

Hanya ta farko: haɗawa daga tushe

Wannan ita ce hanyar mutanen farko. A ba ka rubutun manhajar kamar yadda mai ita ya rubuta, kai kuma ka nemo kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, ka sa kwamfutarka ta sarrafa shi ya zama abin amfani. Daidai yake da a ba ka damin dawa a ce ga tuwo nan. Sai ka sussuka, ka sheƙe, ka surfa, ka kai niƙa. Ga ɗalibin da ke son ya zama injiniya, babu makarantar da ta fi wannan. Ga malamin da ke da aji biyar a rana, ba ta taso ba. Na ambace ta ne don a san tana nan.

Hanya ta biyu: rumbun gida

Wannan ita ce hanyar da Debian da Ubuntu da Mint suka gada. Ana ɗaure kowace manhaja a ƙunshi mai suna deb, a tara su a rumbu ɗaya, sannan wani ma'aikaci mai suna apt, wanda aka fara a 1998, shi ke shiga rumbun ya ɗebo abin da ka nema tare da duk kayan haɗinsa. A gidan Fedora sunan ƙunshin rpm, ma'aikacin kuma dnf, amma tsarin ɗaya ne. Rumbun Debian yana da ƙunsosi fiye da dubu sittin.

Wannan tsari irin na gidan gandu ne: rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, buhun gishiri ɗaya ya ishi kowa. In manhajoji goma suna buƙatar kayan haɗi iri ɗaya, sau ɗaya za a sauko da shi. Saboda haka ƙunsosin ƙanana ne, ba su cin wuri, ba su cin data, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu ba tare da nishi ba. In aka gano wata kafa da ɓarayi ke iya shiga ta cikin kayan haɗi guda, da an toshe ta sau ɗaya an toshe wa kowa. Bugu da ƙari, kowane ƙunshi akwai mai kula da shi, kuma rumbun yana da hatimi wanda apt ke dubawa kafin ya karɓi kaya.

Aibinta guda biyu ne. Na farko shi ne wanda ya same ni: ƙunshi ɗaya ba ya tafiya shi kaɗai. Amma daga baya na gane cewa maganin yana nan, ni ne ban nema ba. Akwai apt-offline, wanda zai rubuta maka jerin duk abin da kwamfutar ƙauye ke buƙata, ka kai inda ke da intanet ka sauko da su gaba ɗaya. Akwai apt-cacher-ng, wanda ke mayar da kwamfuta ɗaya uwar garke: ita kaɗai za ta sauko da kaya, sauran su ɗiba daga wajenta ta kebul. Sannan ana iya kwafe rumbun Debian ɗungurungum, wanda ya kai faifan DVD fiye da ashirin, a zuba shi a faifan ajiya guda ɗaya da zai shiga aljihun riga.

Aibi na biyu shi ne jinkiri. Debian takan fitar da sabon zubi kusan duk shekara biyu. Na 12 ya fito a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025, kuma kowanne ana kula da shi har kimanin shekara biyar. A tsakanin nan gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ake kawowa, manhajar ba ta canja kama. Matasa suna ƙorafi a kan haka. Ni kuwa a wajen makaranta ina ganin alheri ne, domin abin da malami ya koyar a zangon farko shi yaro zai tarar a zango na uku. Wani lokaci ma jinkirin kariya ne. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ɓarauniyar hanya a cikin wani kayan haɗi mai suna xz. Ta riga ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tabbataccen zubin Debian da jama'a ke amfani da shi ba. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Hanya ta uku: Snap

Masu rubuta manhaja sun gaji da ɗaure kayansu iri-iri, wannan don Debian, wancan don Fedora. Sai aka fito da dabarar a ɗaure manhaja tare da kayan haɗinta a ƙunshi ɗaya da zai yi aiki a kowane gida. Kamfanin Canonical ya kawo nasa mai suna Snap, wanda ya shigo Ubuntu ta tebur a 2016. A nan an raba gandu ke nan, kowace ɗaka da tukunyarta da gishirinta.

Amfaninsa a fili yake. Manhaja takan zo sabuwa fil daga hannun mai ita, kuma ana killace ta a cikin shinge don kada ta taɓa abin da ba a ba ta izini ba. In sabon zubi ya zo da matsala, ana iya komawa tsohon.

To, amma ku duba halinmu. Snap bisa al'adarsa yakan leƙa intanet sau huɗu a rana ya ga ko akwai sabon abu, in ya samu ya sauko da shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Ana iya dakatar da shi, amma sai wanda ya san umarnin. Mu ƙaddara sabuntawa ɗaya ta kai megabayit 300. A kwamfuta ashirin ta zama 6,000, wato kusan gigabayit shida, a makarantar da malami ke sayen data da kuɗin aljihunsa. Yana kuma ajiye tsohon kwafi a gefe, ga faifan kwamfutocinmu ƙanana. Sannan kantin Snap guda ɗaya ne tak, a hannun kamfani ɗaya. Wannan ya sa a 2020 mutanen Linux Mint suka toshe shi a zubinsu na 20, sai wanda ya buɗe da kansa. A 2024 kuma an kama manhajojin jabu na ajiyar kuɗin intanet a cikin kantin, har kamfanin ya koma tantance sababbin sunaye da hannu. Wanda ya zaɓi Ubuntu ya sani cewa tun zubin 21.10, Firefox ɗin da ke zuwa da ita Snap ce. Ga ma'aikacin banki a Kaduna mai intanet dare da rana, wannan ba komai ba ne. Ga Gayam, nauyi ne.

Hanya ta huɗu: Flatpak

Flatpak ɗan'uwan Snap ne a manufa, amma ya bambanta a tsari. Alexander Larsson ne ya fara shi, ya sami wannan suna a 2016, kuma babban kantinsa shi ne Flathub. Shi ya tsaya tsaka-tsaki ne. Yakan fara sauko da wata babbar shimfiɗa ta kayan haɗi, sannan manhajoji da yawa su zauna a kanta. Shi ma yana killace manhaja. Abin da ya fi Snap da shi a wajena abu biyu ne: kowa na iya kafa kantinsa, kuma yana da umarnin da zai kwafe manhaja da shimfiɗarta a filash a kai inda babu intanet. Mint da Fedora suna zuwa da shi a shirye.

Inda gizo ke saƙa shi ne nauyin farko. Kana neman 'yar ƙaramar manhaja, sai ka ga ana jawo ɗaruruwan megabayit na shimfiɗa. Shimfiɗun kuma ba ɗaya ba ne: akwai ta GNOME, akwai ta KDE, akwai ta Freedesktop, kowace kuma tana da zubin bana da na bara. Kafin ka farga faifai ya cika. Ranar da muka sami intanet mai ƙarfi da manyan faifai, ni ne zan fara kawo shawarar a buɗe masa ƙofa. Yau dai da saura.

Hanya ta biyar: AppImage

Wannan ita ce za ku fi saurin ganewa, domin kusan kowa a nan ya taɓa karɓar manhajar waya daga abokinsa ta Xender. AppImage haka take. Simon Peter ya fara ta a 2004 da sunan klik, ta koma AppImage a 2013. Manhaja ɗaya, fayil ɗaya, komai na ciki. Ba a girka ta. Ka kwafa daga filash, ka ba ta izinin aiki, ka danna. In ka gaji da ita ka goge. Guzurin matafiyi ke nan, ƙunshin dambu da ba ya neman murhu. Da ita na ɗauka a 2021, da tafiya ɗaya ta wadatar.

Amma sauƙin nan shi ne haɗarinta. Babu rumbu, babu mai gadi, babu shinge. Duk abin da aka ɗaure a ciki, mai kyau ko mugu, zai yi aiki da cikakken izinin wanda ya danna. Galibi ba ta sabunta kanta, saboda haka in an gano kafa a cikinta, tana nan buɗe har sai wani ya tuna ya kawo sabuwa. Wani lokaci kuma takan ƙi tashi a sababbin zubi sai an ƙara wani ɗan kayan haɗi mai suna libfuse2. Saboda haka tana da amfani, amma a hannun malami, ba a hannun kowa ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

'Yan'uwa, masana a Turai da Amurka sun shekara goma suna gardama a kan wace hanya ta fi, kuma kowa na da hujjarsa. Ni ban auna su da ma'auninsu ba. Tambaya uku na yi wa kowace hanya. In aka wayi gari babu sabis wata biyu, kamar yadda muka gani da idonmu, za ta yi aiki? Nawa za ta ci na data da wurin ajiya? In ni ba na nan, ko hanya ta ƙi biyuwa, malamin makarantar nan zai iya gyarawa shi kaɗai? Mun gode wa Allah da sauƙin da aka samu tun watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Muna roƙon ya ɗore. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Bisa wannan ma'auni, ga shawarwarin da nake gabatar wa taro.

Na ɗaya, a zuba Debian 13 a dukkan kwamfutocin ashirin, da fuskar Xfce wadda ba ta da nauyi. Kada a gauraya, wannan Ubuntu wancan Fedora. In kwamiti ya fi son Mint saboda ta fi kama da Windows, ba ni da ja, muddin iri ɗaya ce a ko'ina. Masu niyyar ƙaro kyauta kuma su lura: Debian 13 ta daina fitar da zubin girkawa na tsofaffin kwamfutoci masu bit 32, don haka a duba kafin a ɗauko.

Na biyu, a shirya kwamfuta ɗaya tsaf daga rumbun Debian: LibreOffice don rubutu da lissafi, Klavaro don koyon buga rubutu, GCompris don sabon shiga ya saba da linzami, VLC don bidiyo, da Kiwix wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. A kunna tsarin maɓallan Hausa na Nijeriya da ke cikin Linux tun asali, a sa harafin Andika, don yaro ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu. Daga nan a ɗauki hotonta da Clonezilla a buga wa sauran sha tara. Duk wadda ta rikice, a sake buga mata hoton, cikin ƙasa da awa ɗaya ta dawo.

Na uku, a sayi faifan ajiya biyu. Kowanne ya ƙunshi wannan hoto da kwafin rumbun Debian. Ɗaya a ofishin Shugaban Makaranta, ɗaya a hannun Sakataren Ƙungiya. Sau ɗaya a zango a kai ɗaya Kaduna ko Zariya a sabunta shi.

Na huɗu, AppImage sai wadda babu ita a rumbu, sai daga shafin masu ita, kuma malami kaɗai zai sa. Flatpak a jinkirta. Snap a bar shi.

Na biyar, kada a taɓa yin sabuntawa sai batirin sola ya cika. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka ƙunshi, ita ce hanya mafi sauri ta rikita kwamfuta. Akwai umarnin da ke gyara wannan, kuma zan rubuta shi a bangon ɗakin.

Na shida, kuma shi ya fi duka muhimmanci: a ware kuɗin horar da malamai biyu da ɗalibai huɗu kafin a ware na fenti da na bikin buɗewa. Na ɗauki alkawarin zuwa in zauna da su mako guda a hutun da ke tafe ba tare da an biya ni ba, kuma za mu rubuta kowane mataki da Hausa a littafi mai bango, a ajiye a ɗakin. Malami ana yi masa canjin wurin aiki, ɗalibi yana gamawa, amma littafi yana nan.

Amsa ga wani ƙorafi

Wani yayana ya tare ni a bakin ƙofa ɗazu ya ce, "Kai, ofisoshi da shagunan buga takardu duk Windows suke amfani da ita, kada ka koya wa yaranmu abin da ba za su ci abinci da shi ba." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba: yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa don Windows aka yi su, haka ma CorelDRAW da masu zane ke ji da ita. Shi ya sa nake ƙara shawarar cewa in asusu ya samu, a sayi lasisi na halal a sa wa kwamfuta biyu don irin wannan buƙata. Amma yaya, abin da ke kayar da yaranmu a ɗakin jarrabawa shi ne rashin sabo da maɓalli da linzami da karatu a allo, kuma waɗannan iri ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya iya rubuta wasiƙa a LibreOffice, yini ɗaya ya ishe shi ya gane Word.

Kammalawa

Ranka ya daɗe Uban Taro, kuɗin nan da muka tara, akwai na ɗan fansho a ciki, akwai na malamar firamare, akwai na manomin da ya sayar da buhun masara. Amana ce. Ina roƙon taro ya duba waɗannan shawarwari shida ya yanke hukunci a yau, don kwamiti ya fara aiki kafin a dawo hutu. Ku kuma 'ya'yanmu na aji shida, ku gaya wa ƙannenku cewa ɗakin nan nasu ne, ba za a kulle shi don baƙi ba, kuma ba za a yi wa kowa bulala don ya leƙa ta taga ba.

Inda na yi kuskure a yafe mani, masana kuma su gyara. Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.